Littafin Bashinka, Mabuɗinsa Na Hannun Wa?

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi, ya san dukiyarsa ta wuce kayan da ke jibge a shago. Akwai littafin bashi, akwai lissafin shiga da fita, akwai sunayen dillalai da farashin da aka yi da su bara. A da, duk wannan na cikin littafi mai kaurin bango, a kulle a akwati, mabuɗi a aljihun maigida. Yau masu kemis da masu ɗab'i da masu makarantun kuɗi da 'yan Kantin Kwari da dama sun mayar da shi cikin kwamfuta, kuma hakan ci gaba ne. Sai dai akasarinsu ba su suka zaɓi manhajar da suke aiki da ita ba. Abin da mai gyara ya zuba musu ranar da aka sayo kwamfutar, shi ke nan. A ganina, tambaya ɗaya ce ya kamata ta raba gardama kafin a zo maganar farashi: ranar da babu kuɗin biya, ko babu sabis, zan iya buɗe littafina in yi rubutu a ciki?

Mu fara da kuɗi. Microsoft 365, mai ɗauke da Word da Excel, da Google Workspace, mai ɗauke da Docs da Sheets, haya ake ba da su, wata-wata ko shekara-shekara, kuma kowane ma'aikaci da nasa kuɗin. Kamfanonin na Amurka ne, don haka da dala ake auna farashin ko da da naira aka biya. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Mai shagon da ya ɗauki hayar nan yana ganin ta yi sauƙi, sai ya wayi gari nauyin ya ninka har uku, alhali cinikinsa bai ninka ba. Idan kuma ya kasa sabuntawa, Word da Excel za su bar shi ya duba takardunsa ya buga su, amma ba za su bar shi ya gyara ko harafi ɗaya ba. Bashin da Alhaji ya kawo yau, babu damar a soke shi a littafi. Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Sai maganar sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, harkoki suka samu tsaiko a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Gaskiya ne Google Docs na iya aiki ba tare da intanet ba, amma sai an saita shi tun kafin sabis ya ɗauke, kuma kaɗan ne ke tunawa da hakan. Wanda lissafinsa ke zaune a intanet kaɗai, ranar da aka rufe hanya ya rasa ƙofar shiga rumbunsa.

Shi ya sa nake ganin ƙaramar sana'a ta kafa gindinta a kan manhajar da ke zaune a cikin kwamfutarta, wadda ba ta neman kuɗin haya. LibreOffice misali ne: tun 2010 wata gidauniya mai mazauni a Jamus, The Document Foundation, ke kula da ita, kyauta ce ta halal, tana da Writer na rubutu da Calc na lissafi. Tana adana fayil a tsarin ODF, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi tun 2006, ma'ana ba mallakin wani kamfani ba ne da zai kulle shi gobe. Mai ganin kyauta ba ta da inganci ya duba jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a 2024 ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan wannan manhaja. Rasit da takardar farashi da jadawalin albashin mutum biyar ba za su gagare ta ba.

Za a ce ai abokan hulɗa da Word suke turo takardu. Haka ne, kuma LibreOffice na buɗe su, tana kuma adanawa a tsarinsu. Wani lokaci layi kan goce ko tebur ya karkace a takarda mai ado da yawa, amma maganin wannan shi ne a tura duk takardar da ta kammala a matsayin PDF, yadda ba mai iya taɓa adadin kuɗin da ke ciki. Za a kuma ce me ya kawo wannan dogon zance, tunda mai gyara zai zuba Office na sata a kan kuɗi kaɗan? To araha ba ta ado. Irin wannan ba a san me aka cusa a cikinsa ba, kuma a kwamfutar ce ake shiga asusun banki. Tsofaffin Office 2016 da 2019 ma, ko na halal ne, Microsoft ta daina toshe musu ɓaraka tun 14 ga Oktoban 2025.

Hujja mafi ƙarfi ta masu ajiya a intanet ita ce ta gobara da sata. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ya san abin da aka ajiye a shago kaɗai na iya zama toka a dare ɗaya. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma abin da yake koyarwa shi ne a riƙa ajiye kwafi: ɗaya a filas da ake tafiya da shi gida, ɗaya a ma'adanar intanet, inda Google ke ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Asalin littafin kuwa ya zauna a hannun mai shi.

Akwai sana'ar da hayar ta dace da ita. Mai rassa a Kano da Maraɗi da ke son akawu biyu su yi aiki a jadawali ɗaya a lokaci guda, ko mai neman kwangilar da aka gindaya masa sharaɗin Excel, ya biya, ya sa kuɗin a cikin farashin aikinsa. Shi ma duk Juma'a ya sauke kwafin lissafinsa ya ajiye a gida. Sauran kuwa, kafin su amince da kowace manhaja, su cire wayar intanet, su buɗe littafin bashi, su gwada soke bashin mutum ɗaya. Idan ya yiwu, mabuɗin na aljihunsu.