Albasar Galmi da shinkafar jirgin ruwa: yaushe Ghana za ta ciyar da kanta?

Duk wanda ya je cefane a Kumasi a watan Agustan 2023 bai manta da tsadar albasa ba. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, manyan motocin albasa suka maƙale tsakanin Nijar da Benin, kaya na ruɓewa a rana. Rikicin da aka yi a Yamai, sai ga shi a tukunyar mai sayar da waake a Aboabo da mai tuwo a bakin Suame Magazine. Lokacin ne da yawanmu muka gane nisan gonar da ke ciyar da mu.

Ba albasa kaɗai ba ce. Da rani, tumatirin da muke miya da shi daga Burkina Faso yake zuwa. Shinkafa mai ƙamshi daga Vietnam da Thailand ake sauke ta a tashar Tema, haka ma daskararrun kaji daga Turai da Brazil da Amurka. Duk wannan da kuɗin waje ake sayensa. Shi ya sa da sidi ya faɗi a 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, talaka ya rage kwanon abincinsa.

Gwamnatoci sun daɗe da sanin ciwon. A 1972 Kanar Ignatius Kutu Acheampong ya ƙaddamar da Operation Feed Yourself, makarantu da ma'aikatu da gidaje suka shiga noma, aka samu yalwar shinkafa da masara na 'yan shekaru, kafin abin ya lafa. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya zo da Planting for Food and Jobs, wanda ƙarfinsa ya tafi ga rangwamen takin zamani da iri. A watan Afrilun 2025 Shugaba Mahama ya ƙaddamar da Feed Ghana a Techiman. Suna yana canzawa, amma tambayar tana nan: me ya sa manomin Galmi, a ƙasar da ruwan samanta bai kai namu ba, yake cika mana kasuwa?

Amsar farko ita ce ruwan rani. Manomin jihar Tawa ba ya zaman jiran damina. Yana da rijiya da injin ban ruwa, yana da rumbun da albasa ke wata da watanni a ciki. Mu kuma yawancin nomanmu na sama ne. Muna da madatsun Tono da Vea a arewa maso gabas, muna da filin ban ruwa na Akomadan a nan jihar Ashanti, amma ba su kai girman bukata ba. Babbar madatsar Pwalugu da aka aza harsashinta a 2019 har yau ba ta shayar da gona ko ɗaya ba.

Ta biyu ita ce abin da ke faruwa bayan girbi. Idan tumatirin Akomadan ya nuna lokaci guda, farashi ya karye, manomi ya bar shi a gona. Masana'antar tumatir ta Pwalugu, wadda ta samo asali tun zamanin Nkrumah, ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe. Shinkafar gida kuwa, uwargida ta daɗe tana guje mata saboda tsakuwa da karyayyen ƙwaya. Wannan ba laifin ƙasar noma ba ne, laifin injin casa ne.

A nan ne maganar ta shigo unguwarmu. Suame Magazine na cikin manyan matattarar masu sana'ar hannu a Afirka. Ban da gyaran mota, maƙera da masu walda a nan suna ƙera injin niƙa, da na gurza rogo, da na matse manja, da na sussukar masara. Tun 1980 jami'ar KNUST ta kafa cibiyar koyar da fasaha a cikin Magazine domin wannan aiki. Amma duk sa'ad da aka tashi sabon shirin noma, sai a yi odar taraktoci da injuna daga waje. Ƙaramin ƙarfe ya karye, babu madadinsa a kasuwa, injin ya kwanta ciyawa ta rufe shi. Da za a ware wani kaso na kwangilar kayan noma ga masu ƙira na gida, a gindaya musu ma'aunin inganci, a ba su rance mai sauƙi, da manomin Bawku ya samu injin da yaron shago zai gyara masa a yini ɗaya.

Sai dai mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Fataucin albasa da dabbobi daga arewa yana hannun mutanen zango, daga dillali zuwa direba zuwa ɗan dako, kuma hanya ce da kakanninmu suka bi tun zamanin fataucin goro. Duk manufar da za ta toshe iyaka dare ɗaya, gidajenmu za ta fara taɓawa, kuma farashi ne zai tashi tunda babu abin da zai maye gurbi. Ba gaba da Nijar ko Burkina muke nema ba. Abin da muke nema shi ne kada tukunyarmu ta dogara da hanya guda, musamman yanzu da ƙasashen nan suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Saboda haka ma'aunin da za mu auna Feed Ghana da shi a fili yake. Eka nawa aka ƙara wa noman rani? Rumbuna nawa aka gina kusa da gonaki? Shin makarantun kwana da asibitoci da barikoki suna sayen shinkafar gida, suna kuma biyan manomi a kan lokaci? Injuna nawa aka saya daga hannun maƙeran gida?

Mu ma akwai namu. Attajiran albasa da suka san iri da ajiya da kasuwa fiye da kowa, su ne suka fi dacewa su zuba jari a gonakin rani na Bawku da bakin kogin Volta. Ƙungiyoyin masu sana'a a Magazine su haɗa kai su nemi kwangila da murya ɗaya, mu kuma masu cefane mu riƙa tambayar shinkafar gida a kasuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanni ikon cika alkawari.