Mu Yada Zango a Dajin Gida

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu daraja, ina so in yi magana a kan wani abu wanda na san da yawa daga cikinku za su ce lokacinsa bai yi ba. Ra'ayina shi ne, ya kamata makarantun ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su fara shirin farfaɗo da al'adar fita zango, watau ɗalibai su fita tare da malamansu su kafa tanti a gefen daji, su dafa abincinsu da hannunsu, su koyi abin da allon aji ba ya iya koya musu. Kuma ina ganin ƙaramin wuri mai shiru a nan kusa da gida ya fi mana amfani bisa ga manyan gandayen da suka yi suna a nesa. Kafin wani ya ce yaron nan ya zautu, ina roƙo a yi haƙuri a ji dalilaina har ƙarshe.

Na san abin da ke ran kowa. A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 1920 ba ne, 2020 ne, shekarar da duk muna da wayo, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji a ƙasa, ba a sako su ba sai ran 17 ga watan. A 2021 kuma gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun nan. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka uban da ya ji an haɗa kalmar ɗalibi da kalmar daji a magana ɗaya gabansa ya faɗi, yana da gaskiya, kuma ba ni da niyyar raina tsoronsa.

To, amma akwai wata hasara da muke yi a ɓoye, wadda ba a lissafa ta. Iyayenmu da kakanninmu sun tashi sun san daji kamar tafin hannunsu. Sun san lokacin da ɗorawa ke nuna, da inda ake tsintar kaɗanya, da yadda ake bambanta ɗinya da kanya da taura tun daga nesa. Sun san cewa gawayin ƙirya maƙera ke so, ɓawon maɗaci kuwa ana jiƙa shi don ciwon ciki. Suna ganin sawu a ƙasa su gaya maka na gada ne ko na mugun dawa. Mu fa? A tambayi ɗan aji ɗaya yau ya faɗi sunayen itatuwa 10 na dajin garinsu, a ga yadda zai yi ta inda-inda. Abin da muka sani game da daji shi ne nan ɓarayi ke kwana. In muka girma a haka, wa zai zama malamin daji a cikinmu? Wa zai tsaya ya hana a sare abin da ya rage? Mutum ba ya kishin abin da bai sani ba, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, Allah ya ajiye mu a tsakiyar arzikin daji. Daga Sabuwa in ka nufi ƙasar Birnin Gwari, ga Gandun Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, ya zama gandun tarayya a 1999, faɗinsa kuwa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. Kamuku ta yi iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. A arewa da mu ga dajin Rugu. A cikin gidanmu kuma ga dajin Kogo. A ƙarshen shekarar 2020, dab da lokacin da abin Ƙanƙara ya faru, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar amincewa da ƙarin gandayen tarayya 10 a kan 7 da ake da su, dajin Kogo na Jihar Katsina kuwa yana cikin goman. Labarin baƙin ciki ya danne na farin ciki, shi ya sa ko a cikinmu 'yan makaranta ba kowa ya ji ba. Ni dai a ganina wannan sanarwa alkawari ce aka yi mana, kuma mu ne ya kamata mu riƙa tuna wa hukuma da ita.

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa na fi son ƙaramin wuri. In aka ce za a kai ɗalibai yawon buɗe ido, sunan da ke fara zuwa bakin kowa shi ne Yankari. Ba shakka Yankari wuri ne na a zo a gani. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Akwai giwaye da ɓauna da gwaggon biri, ga ruwan ɗumi na Wikki wanda zafinsa ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina. Amma daga nan zuwa can tafiyar yini guda ce cur a mota. A lissafa kuɗin mota, da na shiga, da na ɗaki, da na abinci, a gaya mini ɗalibai nawa ne a ajinmu iyayensu za su iya biya. 'Ya'yan masu hali kaɗan za su je, su zaga cikin mota na sa'a biyu ko uku, su yi wanka, su ɗauki hoto, su dawo. Ɗan talaka kuwa sai dai ya ji labari. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Daɗin daɗawa, inda mutane suka yi yawa, daji yakan ɓoye kansa. Ƙarar mota da kiɗa da hayaniya suna korar tsuntsu da dabba. A Amurka akwai gandun Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, shi ne na farko irinsa a duniya. A shekarar 2021 mutane fiye da miliyan 4 suka ziyarce shi, har motoci kan yi cunkoso a kan hanyoyinsa kamar ranar kasuwa. Saboda haka waɗansu masu son kwanciyar rai sukan bar babban gandun, su je su kafa tantinsu a ƙananan wuraren zango na dazuzzukan da ke kewaye da shi, inda ba kowa sai su da itatuwa. In mutanen da ke da irin wannan ƙasaitaccen wuri suna neman ƙarami don su sami shiru, mu da ƙaramin ke bayan gidanmu me zai sa mu raina shi?

A wuri mai shiru ne yaro zai ji kukan fakara da asuba, ya ga ayarin zabin daji, ya ga burtu na tafiyarsa ta ƙasaita. Da dare, inda ba hasken lantarki, malami zai nuna masa Kaza da 'Ya'yanta a sama, da asuba ya nuna masa Gamzaki. Darasin labarin ƙasa da na kimiyyar halittu da muke haddacewa don jarrabawa, a nan za su zama abin gani da taɓawa, gani kuwa ya kori ji. Ban da wannan akwai tarbiyya. Wanda bai taɓa hura wuta ba zai hura, wanda a gida ake ɗebo masa ruwa zai ɗebo wa waɗansu, ɗan birni da ɗan ƙauye su ci tuwo a kwano ɗaya, su yi salla a sahu ɗaya a kan ƙasa. Ƙungiyar 'yan sikawut ma da ta game duniya, da ƙaramin zango ta soma. A watan Agusta na 1907 Baden-Powell ya kai yara kimanin 20 wani ɗan tsibiri a Ingila mai suna Brownsea, suka yi 'yan kwanaki a tanti. Daga wannan ne abin ya bunƙasa har ya iso Nijeriya a 1915.

Wani zai ce, to, duk mun ji, amma ka kawo maganar da ba ta yiwuwa sai an sami zaman lafiya. Amsata ita ce, kwana a daji lalle sai an sami zaman lafiya, kuma duk malamin da ya ɗauki 'ya'yan mutane ya kai su inda ake shakka ya ci amana. Amma shiri ba ya jiran wannan rana. Manomi ba ya bari sai ruwa ya sauka kafin ya nemi iri. Ga matakai huɗu da nake ba da shawara a bi, ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake ko guda.

Na farko, a soma a cikin shingen makaranta, da rana. A keɓe wani lungu a dasa itatuwanmu na gida, kamar ɗorawa da tsamiya da kuka da maɗaci da marke, kowane aji da nasa layin da zai riƙa ba ruwa. A nan za mu koyi kafa tanti, da ɗaurin igiya, da taimakon farko ga wanda ya ji rauni ko kunama ta harba, da yadda ake kashe wuta har toka ta huce.

Na biyu, a riƙa gayyato masana daji su zo su koya mana. Akwai tsofaffin mafarauta, da masu maganin gargajiya, da dattawan Fulani makiyaya, da ma'aikatan gandun daji da suka yi ritaya, da tsofaffin mata masu man kaɗe da daddawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu sayi babban littafi mu riƙa rubuta abin da suka faɗa: sunan itace, da amfaninsa, da inda yake fitowa. Wannan mataki ya fi kowane gaggawa, domin duk tsohon da ya rasu ya tafi da abin da ke kansa. Zaman ɗan Bahaushe a gaban dattijon Bafillace yana ɗaukar karatu kuma, shi kansa wani ɗinki ne ga ɓarakar da ta shiga tsakaninmu.

Na uku, in hankali ya fara kwanciya, a yi fitar yini zuwa wani kurmi ko fadama ko gindin dutse da ke kusa da gari, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Kada a fita sai da izinin iyaye a rubuce, da sanin hakimi da dagaci, da amincewar jami'an tsaro. 'Yan mata su ma suna da hakki a wannan ilmi, sai a yi musu tasu ranar tare da malamai mata.

Na huɗu shi ne kwana, kuma shi ne na ƙarshe. Ba shugaban makaranta kaɗai zai yanke wannan ba, iyaye ne za su yanke a taronsu, bayan sun ga alamu da idonsu: manoma sun koma gonakinsu na nesa sun yi shekara suna nomawa lafiya, mutanen ƙauyukan da suka watse sun koma gida, ma'aikatan daji sun koma bakin aikinsu suna kwana a can.

Ga hukuma kuma ina da roƙo ɗaya. Duk ranar da aka zauna tsara yadda gandun Kogo zai kasance, kada a tuna da manyan baƙi da ɗakuna masu sanyi kaɗai. A keɓe wa makarantu ɗan fili a bakin dajin, kusa da ƙauye da ofishin masu gadi. Abin da muke bukata bai taka kara ya karya ba: rijiya ɗaya, da rumfa, da makewayi, da wurin salla, da filin da zai ɗauki ɗalibai kamar 30. Kada a kai injin wuta, kada a kai lasifika. Mu kuma mu yi alkawarin ba za mu sare ɗanyen itace ba, ba za mu harbi tsuntsu ba, ba za mu bar ko leda ɗaya a ƙasa ba. Mutanen ƙauyen da ke kusa su ne za su sayar mana da hatsi da nono, su yi mana jagora a biya su, don su ma su ga cewa itace a tsaye yana kawo kuɗi, ba sai an mai da shi gawayi ba.

'Yan'uwana ɗalibai, matakin farko da na biyu ba sa bukatar kuɗin gwamnati, ba sa bukatar kowa ya sa ransa cikin haɗari. Suna bukatar malami ɗaya mai himma, da ɗalibai masu son aiki, da yardar shugaban makaranta. Ina kira ga shugabannin ɗalibai su kai wannan magana gaba tun a wannan zangon karatu, ina kuma roƙon iyayenmu su sa mana albarka a ciki. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya maido mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu, amin.