Maigida, ina naka karnen lamba?

Yayana ya rasu shekara uku da suka wuce, ana gab da faɗuwar damina. Yana kwasar taki a garke zai kai gona a amalanke, wata tsohuwar ƙusa ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa. Ya zare ta, ya matse jinin, ya ɗaure da tsumma, ya ƙarasa lodinsa. Da dare ya gasa wurin da ruwan zafi da gishiri, kamar yadda kowannenmu ke yi a nan Madarunfa. Kwana tara bayan haka, muna cin tuwo, ya ce muƙamuƙinsa ya yi nauyi, loma ba ta shiga. Washegari wuya ya sandare. Da muka kai shi asibiti aka sa shi a ɗaki mai duhu, domin ko ƙarar ƙofa ko hasken tocila sai jikinsa ya ɗaure, baya ya gantsare, haƙora su sarƙe. Hankalinsa kuwa garau, yana kallonmu, yana jin duk abin da muke faɗa. Likita ya ce tetanos ce, cutar da wasu ke kira sarƙe-haƙora, ya tambaye mu ko an taɓa yi masa lamba. Muka yi ta kallon juna. A kwana na biyar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai, muna neman takardun gona, uwargidansa ta buɗe akwatinta. A ciki na ga karnenta na awon ciki, wato katin asibiti, an jera ranakun allurar tetanos da aka yi mata. Amaryarsa ma tana da nata. Yaran kowa da nasa, har da wanda ake goyo. A duk gidan, mutum ɗaya ne ba shi da ko takarda guda, kuma shi ne mai riƙe hauya da gatari, mai shiga garke, mai taka ƙaya a daji. Tun ranar nake tambayar kaina yadda aka yi muka mayar da allurar rigakafi harkar mata da yara kawai.

Ƙwayar tetanos a ƙasa take zaune, da cikin kashin shanu da awaki da jakuna. Ba a ɗaukarta daga wani mutum, don haka allurar da aka yi wa matarka ko maƙwabcinka ba ta tsare ka da komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa jikinmu kullum cikin tsagewa yake. Masunci a bakin tafkin Madarunfa ƙugiya na kama masa yatsa. Mai lambun zogale a Jiratawa yana yankewa da lauje. Mai itace a dajin Baban Rafi, da mahauci, da maƙeri, da ɗan kabu-kabun da ya goge gwiwa a kan hanyar Ɗan Isa, duk ƙofa a buɗe take. Ko wanda ya yi cutar ya tashi, jikinsa bai koyi kare kansa ba, tana iya sake kama shi.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Da yawa cikinmu kan ce ai an taɓa yi musu allurar tetanos lokacin da suka ji ciwo. Sau da yawa abin da aka yi musu shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke kira SAT. Wannan kariyar aro ce, cikin makonni kaɗan take gushewa. Lamba ta gaskiya ita ce mai koya wa jiki yin makaminsa da kansa, kuma sai an maimaita ta. Ga babban da ba a taɓa yi masa ba, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya allura biyar ne: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida, sai ta huɗu da ta biyar shekara-shekara. Wannan tsarin ne matanmu ke bi, kuma ya yi aiki. A 2016 aka tabbatar cewa Nijar ta kawar da tetanos ta masu jego da jarirai daga cikin manyan matsalolin lafiyarta. Iyayenmu mata suna tuna zamanin da jinjiri kan daina kama nono a cikin makon suna, ya sandare, ya tafi. Lamba da tsabtar yankan cibi ne suka rage wannan baƙin ciki. Abin da ya tsare mai ciki zai tsare mijinta.

Allurar da ake yi wa mata masu ciki yanzu, wadda ake rubutawa Td, cuta biyu take karewa: tetanos da mashaƙo. Mashaƙo kuwa mun san shi ido da ido. Ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya kashe fiye da mutum 1,000 a Najeriya, kuma Kano ce ta fi jin jiki. A watan Yuli na 2023 ya bayyana a Matamaye cikin jihar Damagaram. Mu da ke nan, tsakaninmu da Jibiya da Katsina da Kano zirga-zirga ba ta yankewa: fatauci, biki, jinya, ƴan ci-rani, almajirai. A mashaƙo, wata farar fata ce ke shimfiɗuwa a maƙogwaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, dafinta kuma ya iya taɓa zuciya bayan an ɗauka mutum ya warke. Yara ne ya fi kashewa, amma kariyar lambar ƙuruciya tana raguwa da shekaru. A ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, cikin shekarun 1990, mashaƙo ya kama fiye da mutum 150,000, ya kashe dubbai, kuma akasarin waɗanda ya kama manya ne da matasa. Gemun ɗan'uwanmu ya riga ya kama da wuta, kuma gemun manya ne.

Saboda wannan raguwar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura uku da ake yi wa jinjiri a mako na 6, na 10 da na 14 ba su isa ba. Ana so a ƙara uku: tsakanin wata 12 da 23, tsakanin shekara 4 da 7, da tsakanin shekara 9 da 15. A Faransa ana sabunta wa babba a shekara 25, 45 da 65, daga nan duk bayan shekara goma. A Amurka duk shekara goma ne. A gidajenmu, da zarar yaro ya sauka daga baya, karnensa ya koma ƙasan akwati ke nan.

Cuta ta uku ita ce tarin lala, ko tarin shiƙa. A jikin babba tari ne kawai mai naci, ya yi makonni yana fama, yana shan tazargade. Amma idan ya shafa wa jinjirin da bai kai mako shida ba, numfashin yaron na iya ɗaukewa. Td ba ta ɗauke da rigakafin wannan tari. A Ingila tun 2012 ake yi wa masu ciki allurar da ta haɗa da shi, don uwa ta ba ɗanta kariya tun yana ciki, kuma ya dace hukumominmu su sa wannan a gaba. Kafin nan, abu biyu na hannunmu: mai tari ya haƙura da ɗaukar jinjiri ranar suna, ko da kaka ce, kuma a kai yaro lamba ranar da ya cika mako shida.

Na san abin da ake faɗa a majalisa bayan la'asar. Wasu na cewa lamba na hana haihuwa. Ban raina masu shakka ba, gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo a zukatan Hausawa. Amma wannan allurar ta kai shekara ɗari a duniya, tun aikin Gaston Ramon a Cibiyar Pasteur cikin shekarun 1920, kuma shaidarta na cikin gidajenmu: matan da aka yi wa sau huɗu, sau biyar, su ne ke haifa mana ƴaƴa har yau. Wasu kuma na cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne, na yi imani da shi, kuma da shi na yi haƙurin yayana. Amma duk mai wannan imani yana rufe rumbunsa da dare, yana kuma ɗaure jakinsa.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya da shugabannin lafiya na Madarunfa shi ne a buɗe Td ga kowane babba, namiji ko mace. A fito da ita kasuwanni a watan Afrilu da Mayu, kafin a shiga noma. A yi wa yara ta ƙari a shekarar shiga firamare da shekarar fita, a bi tsangayu a yi wa almajirai. Duk wanda ya zo da rauni a yi masa lamba a rubuta masa ranar dawowa, kada a sallame shi da SAT kaɗai. Masu gari da limamai da sarakunan sana'a, na masunta da na pawa da na maƙera, su fara miƙa nasu hannun a gaban jama'a. Namijin nan namu ba ya bin sanarwar rediyo kamar yadda yake bin abin da ya ga babbansa ya yi.

Ni dai na je asibiti neman lamba. Ma'aikaciyar da na tarar ta gaya mini cikin ladabi cewa abin da ke hannunta an ƙidaya shi ne don masu ciki. Sai na sayo a kantin magani a Maraɗi, cikin ƙanƙara, aka yi mini. Ba kowane manomi ke da kuɗin mota da na allura ba, shi ya sa nake wannan rubutu. Babban ɗan yayana shi ke kai taki gona yanzu, a amalanken mahaifinsa, daga wannan garken. Na kai shi an yi masa ta farko da ta biyu. Karnensa na aljihun rigata, kuma ranar ta uku na rubuta ta da gawayi a bangon zaure, inda zan riƙa ganinta duk fitar asuba.