Labarin Amina cikin zane, amma yaran Kontagora ba su gani ba

Tun daga 2017, lokacin da Roye Okupe ya fitar da Malika: Warrior Queen, masu karatu a Amurka da Ingila da Legas suke rubuta ra'ayinsu game da littafin a Goodreads da Amazon. Labari ne cikin zane, na wata sarauniya mayaƙiya a wata daula ta ƙirƙira mai suna Azzaz, kuma marubucin bai ɓoye cewa Sarauniya Amina ta Zazzau ce ta ba shi haske ba. Wasu sun yaba, wasu sun kushe, kamar yadda aka saba. Abin da ya kamata ya dami jami'an da ke tsara harkar ilimi a Abuja shi ne wanda babu shi a wannan muhawara: yaron firamare na Kontagora ko Rijau, wanda tarihin yankinsa ne aka zana.

Dalilin ba boyayye ba ne. Littafin da Ingilishi yake, da dala ake saka masa farashi, kuma a 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ne ya karɓi aikin buga littattafan Okupe. Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, ya daɗe yana sakin nasa kyauta a intanet, amma shi ma da Ingilishi, kuma sai da waya da kuɗin data. Iwájú ya fito a Disney+ a 2024, Iyanu ya hau Cartoon Network a 2025. Duk abin alfahari ne ga Najeriya. Sai dai Bahaushen yaro yana jin labarinsu ne daga nesa, in ma ya ji.

Wannan jarida ba ta ɗauki labarin zane a matsayin wasan yara ba. Yaron da ke tuntuɓe da haɗa baƙi yana iya bin labari ta hoto, ya koma ya karanta gajeriyar maganar da ke bakin jarumi, ya sake komawa, ba tare da malami ya tsaya masa da bulala ba. Magabata sun san haka. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 lokacin tana ƙarƙashin Kontagora, ya rubuta Magana Jari Ce aka buga ta da zane-zane, kuma da yawa daga cikin daraktocin ma'aikatun tarayya na yau sun fara ganin aku a hoto kafin su iya karanta abin da ya faɗa.

Batun sharhin masu karatu kuwa, arewa ta riga ta gwada shi ta ga amfaninsa. A shekarun 1990, da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu sun yi ta musayar alƙalami a jaridu kan ko adabi ne ko shirme. An yi zafi, an ɓata wa juna rai, amma marubuta sun san ana karanta su, ana kuma auna su. Labarin zane na Hausa bai samu ko wannan faɗan ba, domin abin da ke kasuwa bai kai a yi faɗa a kansa ba.

Nan ne aikin gwamnati ya shigo. Dokar 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma wani kaso daga ciki na kayan koyarwa ne. Hukumar NERDC ce ke tantance littattafan makaranta. Babu abin da ya hana su sayen izinin fassara littafi irin Malika zuwa Hausa, ko su ba masu zane da suka fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aikin sababbin labarai. Kontagora kanta tana da nata: Umaru Nagwamatse da kafuwar masarauta, ɗansa Ibrahim, da shigowar sojojin Turawa a 1901. Tarihi ne mai yaƙi da kamun bayi, kuma idan za a zana shi, a zana shi yadda yake, kada a mayar da shi kirarin fada.

Sharaɗi ɗaya ne wannan jarida za ta dage a kai. Kada kwamiti ya zauna a otal a Abuja ya yanke cewa littafi ya yi kyau, a ba ɗan kwangila ya jibge katan-katan a sito. A fara da fitowa biyu ko uku, a kai su makarantu kaɗan a Kontagora, a sa ɗaliban Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke garin su tattara abin da yara suka faɗa yayin da suke koyon aikin koyarwa: wane shafi suka tsallake, wane jarumi suka kwaikwaya, wace kalma ta gagare su. A wallafa sakamakon kowa ya gani kafin a saki kuɗin fitowa ta gaba.