Mizanin Auna Gidajen Da Ke Taimakon Uwaye Marasa Makwanci

 Ya ku malamai da almajirai, ina so mu dubi wani al'amari da muke wucewa kullum muna kau da kai.

A hanyata ta zuwa makaranta akwai wata mace da ta yi damina guda a rumfar tasha, da goyo a bayanta, tana magana ita kaɗai. Ran nan aka zo da mota aka ɗauke ta, aka ce an kai ta gidan gyara, yaron kuwa an kai shi wani wuri dabam. Kaka ba ta fita ba sai ga ta ta komo rumfar nan, ba goyo, tana tare mutane tana tambayar ɗanta. A littafin waɗanda suka ɗauke ta an rubuta an taimaki mace guda. Ni kuwa na ce an ƙara mata ciwo na biyu ne.

Ku sani irinta suna da yawa. Wata haukan haihuwa ne ya kama ta, wanda yakan faɗa wa mace 1 ko 2 cikin 1,000 a makonnin farko na jego, kuma yana jin magani. Wata sakinta aka yi, baƙin ciki ya kai ta ga kodin da ƙwaya. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta sami mutum miliyan 14 da dubu 300 masu shan ƙwaya, ɗaya cikin 4 mace ce, amma a wuraren magani mata ƙalilan ne ƙwarai. Kunya ke hana su zuwa, da tsoron a raba su da 'ya'yansu.

Kada kuma mu ce kowane gida mai sunan taimako taimako yake yi. A 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa, gidan kuwa da sunan makaranta yake. Wannan abin kunya ne gare mu, mu masu allo. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma doka a takarda ba ta kwance mari sai an sami masu zuwa su duba.

To, ga mizanin da nake ganin ya kamata mu auna kowane gida da shi, na hukuma ne ko na jama'a.

Na farko, makwanci. Shin an ba ta ɗaki mai ƙofa tun farko, ko an ce sai ta bar sha tukuna? Wadda ke kwana a fili cikin tsoro ba ta iya riƙe magani.

Na biyu, ɗanta. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ta fi cancantar reno, hankali kuwa sharaɗi ne, amma idan renon ya faɗi saboda uzuri kamar ciwo, yana komo mata in uzurin ya gushe. Saboda haka in dole ta sa an raba su, a rubuta inda yaron yake, a riƙa kai mata shi, a mayar mata da shi in ta warke.

Na uku, likita. Addu'a tana da wurinta, amma a tambaya: akwai mai kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau, ko Barnawa, ko Kware? Wa ke biyan kuɗin maganin wata-wata?

Na huɗu, bayan shekara. Kada su gaya mana mata nawa suka kwashe. Su gaya mana nawa ne, bayan wata 12, ke da ɗaki da sana'a da 'ya'yansu a hannu. Kuma a tambayi matan da bakinsu, ba a gaban masu gidan ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen mata da na masu ciwon hankali, da dukiyar waƙafi ake ciyar da shi.

Ina roƙon kowane malami, kafin ya nuna wa attajiri inda zai kai zakka ko sadaka, ya taka da ƙafarsa ya je gidan, ya yi tambayoyin nan huɗu. Almajirai kuma ku hana yara jifanta da yi mata waƙa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa mu fita hakkinsu, amin.