Takarda a jaka, albasa a rudu: magana ga ƙannena na Giyawa

 Rubutun ga yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mani hukunci.

Ran Lahadin da ta wuce, a hanyar dawowa daga kasuwar Goronyo, na shiga mota ɗaya da wani ƙanena da ya gama karatu shekara uku da sunka wuce. Na ce mashi, "Ƙanena, me ake ciki yanzu?" Ya ce, "Yaya, muna dai jira." Na ce jiran me? Ya ce an karɓi takardunsu, wani babba ya yi alkawali. Wallahi sai na ji kamar da kaina nake magana, don ni ma na yi wannan jiran, shekara huɗu cur, bayan na gama NCE a Sakkwato. Kullum takardu na cikin jaka, kullum ana "sai wani wata". Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan.

Kada a yi mani mummunar fahimta. Ba na raina karatu, ba na kuma raina aikin gwamnati. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, makwabcinmu na nan kusa, da koyarwa ya fara bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931, kafin ya zama hakimin Rabah a 1934, har ya kai ga zama Firimiyan Arewa a 1954. Amma zamaninsa masu takarda ƙalilan ne, aiki ke neman mutum. Yau ko ina ka waiga mai takarda ne, kuma kujerun sakatariyar Goronyo, Wurno da Rabah ba su ƙaru da yawan da munka ƙaru ba. Ko ka samu, mafi ƙarancin albashin da anka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kai da kanka ka lissafa buhun gero, kuɗin magani da hidimar iyali, ka gani ko zai kai ka ƙarshen wata.

To mu me Allah Ya ba mu? Ya ba mu Gulbin Rima da fadamarsa. Ga madatsar ruwa ta Goronyo da anka kammala tun 1984. Ga shinkafar Wurno da kowa ya san ta. Ga albasa da tafarnuwa da ake lodawa a manyan motoci zuwa Legas da Onitsha. Mutane na tasowa daga nesa su zo su yi arziki da abin da ke bayan gidanmu, mu kuma muna gindin bishiya muna gardamar ƙwallo da siyasa. Wanga shi ne abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya.

Bari in ba ku labarin kuskurena, don kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. Shekarar da na haƙura da jira na shiga noman rani, ba ni da ko sisi. Sai na karɓi kuɗin taki da man inji a hannun wani ɗan kasuwa, da sharaɗin in na cire albasa shi zan sayar mawa. Allah Ya ba da amfani, albasa ta yi kyau. Amma lokacin da na cire, kowa ma ya cire, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Na biya bashi, abin da ya rage na sayi waya da ɗinkin Sallah. Bayan 'yan watanni, ina ji ina gani, irin albasar da na bayar da araha ta ninka kuɗinta a kasuwa. Ni na sha rana, ni na kwana ban ruwa, wani ya kwashe ribar. Kuma ban ga laifinsa ba, sana'arsa ya yi. Ni ne na shiga abu ban san kansa ba.

Shekara ta biyu na ajiye girman kai na je wurin wani dattijo a garinmu wanda bai taɓa shiga aji ba. Na ce, "Baba, koya mani." Ya yi dariya ya ce ashe masu boko ma suna tambaya. Shi ya nuna mani cewa ajiyar albasa tun daga gona take farawa: kada ka cika mata taki a ƙarshe, ka yanke mata ruwa kafin cira, ka bari wuyanta ya bushe sosai, ka tsince mai rauni da mai tabo kafin ka zuba a rudu, ka tabbata iska na ratsawa kuma ruwan sama bai taɓa ta. Kuma ka riƙa dubawa, don guda ɗaya in ta ruɓe sai ta ja 'yan uwanta. Ya kuma gaya mani gaskiya cewa ajiya ba ta rasa asara, wata za ta ruɓe, wata ta rage nauyi, don haka kada in zuba duka, in sayar da wani kashi in biya buƙata, in ajiye wani.

Ni kuma abin da na kawo daga makaranta shi ne littafi da biro. Na fara rubuta komai: kuɗin iri, taki, mai, 'yan ƙwadago, buhu, mota, la'adar dillali, har kuɗin abincin da na ci a kasuwa. A nan na gane cewa da yawanmu ba mu san ko riba muke ci ko faɗuwa ba. Muna ganin kuɗi a hannu ranar kasuwa sai mu ɗauka duk namu ne, alhali rabinsu uwar kuɗi ce da ya kamata ta koma gona. Wanda ya ci uwar kuɗi, baɗi dole ya koma hannun mai ba da bashi. Ka ga amfanin karatun ke nan. Takardar ba ta ba ni ofis ba, amma ta hana a cuce ni a lissafi.

Wani abin kuma, ka riƙa sauraren labarai da kunnen mai sana'a. Ranar 29 ga Mayu 2023 da anka ce an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Duk mai injin ban ruwa ya ji a jikinsa. Waɗanda sunka yi tunani da wuri sun fara haɗa kuɗi suna neman famfo mai aiki da hasken rana. Haka da anka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024, duk wanda hanyar kasuwancinsa ɗaya ce tak ya sha wuya. Kuma ku dubi mutanen Galmi a can Nijar, yadda sunka riƙe irin albasarsu har sunan garinsu ya zama suna a kasuwannin Afirka ta Yamma. Me zai hana a san tamu haka, in mun gyara tsincewa, mun daina cusa ruɓaɓɓa a tsakiyar buhu? Wanda ka yi wa algus sau ɗaya ba zai sake kiran wayarka ba. Amana ita ce jarin da ya fi kowane tsada.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, kana maganar gona, ina tsaron?" Gaskiya ne, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, inda anka kashe mutane fiye da 40. Akwai gonakin da ba a iya zuwa, akwai 'yan uwanmu da sunka bar ƙauyukansu. Ga ambaliya irin ta 2010 da ta cinye gidaje da amfanin gona. Tsare rayukanmu haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina faɗa ba. Ba kuma na ce kowa ya jefa kansa cikin halaka don albasa ba. Amma sana'a ba ta ƙare a gona ba. Wa ke gyara injinan ban ruwan da ke cike da fadama? Wa ke haɗa sola? Wa ke casar shinkafa, wa ke ɗinkin buhu, wa ke haɗa manomi da mai saye a Legas ta waya? Duk waɗannan a cikin gari ake yin su, kuma sau da yawa sai an nemo mai yi daga Sakkwato.

Wannan ma ba sabon tunani ba ne a ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, a littafinsa Usulus Siyasa ya ja hankalin shugaba da ya kula da masu sana'a irin su manoma, maƙera da maɗinka, don da su gari ke tsayuwa. In mai wannan daraja ya ɗauki sana'ar hannu da muhimmanci haka, kai wane ne da za ka ce ta yi maka ƙanƙanta saboda kana da difloma?

Don haka ƙanena, ga shawarata. Kada ka janye takardunka, ka bar su inda ka kai. Amma kada ka zauna gadinsu. Zaɓi abu ɗaya, ka nemi wanda ya iya, ka durƙusa ka koya ko da shekara guda ce ba a biyanka. Ka fara da kaɗan da kuɗinka ko na adashi, ka guji bashin da zai ɗaure maka hannu ranar girbi. Ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. In aikin ya zo, alhamdu lillahi, ya tarar da kai da abin yi. In bai zo ba, ba ka yi asarar ƙuruciyarka a ƙofar gidan wani ba.

Ni dai shekara huɗun da na zubar ba za su dawo ba, shi ya sa ba na son ku maimaita.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, Ya jiƙan waɗanda munka rasa, Ya sa albarka a neman kowa. Amin.