SHARHI: Daga Challawa zuwa Jalingo: Idan buhun sinadarin jima ya fashe, me ɗan kwana-kwana zai yi?

Tun bayan fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, da kuma ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja cikin Janairun 2025, muhawarar da ake yi a Abuja kan kashe gobara ta tattara a kan abu biyu: tankokin fetur da yawan motocin kwana-kwana. Har ta kai hukuma ta hana tankoki masu cin lita 60,000 lodin mai daga ranar 1 ga Maris, 2025. Matakin ya dace. Sai dai fetur abokin gaba ne da kowa ya san kamanninsa. Akwai wani kayan da ke bin titunanmu cikin buhuna, ba ya ɗaukar ido, kuma ɗan kwana-kwanan da ya tunkare shi da dabarar da ya saba yana iya zama mutum na farko da za a kwasa.

Sunan kayan sodiyam salfaid, haɗin da ke ɗauke da farar wuta. Ana shigo da shi daga waje, galibi a buhuna masu kilo 25, ɓarɓashi ne mai launin rawaya ko ja irin na bulo. Kamfanonin sarrafa fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano suna haɗa shi da farar ƙasa domin zubar da gashin fatun awaki da tumaki, aikin da majeman gargajiya ke yi da toka da haƙuri. Abin da ke narkar da gashin akuya kuwa ba zai bar fatar mutum ba. Idan ya taɓa jiki mai gumi yana ƙona shi, idan ya shiga ido yana iya makantarwa.

Ƙunar ma ita ce ƙaramin haɗarin. Bayan an cire gashi, akwai matakin da ake jiƙa fatar a gishiri da asid, irin wanda jama'a ke kira ruwan batir, kafin a kai ga jimar kanta. Ma'ana, salfaid da asid suna kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya a kusan kowane kamfanin jima na zamani. Da zarar sun haɗu, ko a kwata ne ko a rami ko a kan titi, sai su saki iskar haidirojin salfaid. Ita ce mai warin baragurbi da ke tashi daga masai da tsohuwar rijiya. Idan kaɗan ce hanci yana jin ta tun daga nesa. Idan ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan na iskar wuri, sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ne ta yi ƙarfi. Daga kashi 700 zuwa sama, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a ƙasa, ta bi gangare, ta cika rami. Tana kuma kama wuta.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A watan Fabrairun 1978, a kamfanin fata na Horween da ke birnin Chicago a Amurka, an juye ɗan'uwan wannan sinadari, sodiyam haidirosalfaid, cikin tankin da ke ɗauke da ruwan jima mai asid. Ma'aikata takwas suka mutu. A watan Janairun 2002 kuma, a kamfanin takarda na Naheola a Jihar Alabama, ɗan abin da ya zuba a wurin sauke kaya ya gangara cikin magudanar da ake zuba wa asid. Mutum biyu suka mutu, takwas suka jikkata, kuma ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauki majinyatan su ma suka fara nuna alamun gubar. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta lissafa a 2004 cewa tun daga 1971 wannan sinadari ya jawo haɗurra 45 da suka kashe mutum 32. Abin lura a irin waɗannan haɗurra shi ne yadda mai zuwa ceto yake faɗuwa kusa da wanda ya zo ceto. A ƙasar da jama'a ke rugawa wurin haɗari kafin hukuma ta iso, kuma ake ganin tsayawa nesa a matsayin rashin imani, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A nan ne aikin ɗan kwana-kwana yake rikicewa. Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na safarar kaya masu haɗari ya ba wa sodiyam salfaid lamba biyu, ba ɗaya ba. Wanda ke ɗauke da ruwa aƙalla kashi 30 cikin ɗari lambarsa 1849, yana rukuni na 8, wato masu cin fata da ƙarfe, allonsa fari da baƙi ne. Busasshen kuwa lambarsa 1385, yana rukunin 4.2 na abubuwan da ke iya kama wuta da kansu, allonsa sama fari ƙasa ja. Littafin jagoran agajin gaggawa da hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko ke sabuntawa duk shekara huɗu, wanda bugunsa na 2024 yake kyauta a intanet, ya ware wa kowannensu shafi dabam. Ga mai lamba 1849, ya yarda a yi feshin ruwa a ƙaramar gobara, amma a tare ruwan kada ya gudu. Ga mai lamba 1385, ya hana a zuba wa kayan kansa ruwa ko kumfa, ya ce a rufe shi da busasshen yashi ko farar ƙasa. Suna ɗaya, magani biyu, kuma abin da zai raba gardama shi ne lamba huɗu a jikin mota ko a takardar direba.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar haddacewa. A tsaya ta inda iska ke fitowa, a kan tudu. A kori jama'a aƙalla mita 25 daga busasshen kaya, mita 50 daga na ruwa, sannan a faɗaɗa idan an ga alamar iskar guba. Idan tanki ne ya kama wuta, mita 800. Kada kowa ya shiga ba tare da tukunyar iskar shaƙa a bayansa ba, domin takunkumin ƙyalle ko jiƙaƙƙen hankici ba ya tare komai. Wanda sinadarin ya taɓa a tuɓe masa tufafi, a kwarara masa ruwa a fata da ido na tsawon minti 20 ko fiye. Wato ruwan motar kwana-kwana yana da babban amfani a wurin, amma a jikin mutum. Idan aka wanke titi da shi zuwa kwata, kamar yadda aka saba yi wa man da ya zube, an ɗauke matsalar ne daga inda ake ganinta zuwa inda ba a ganinta, kuma kifin kogin da kwatar ta nufa shi ne zai fara shaida.

Mai karatu zai ce wannan ai matsalar Kano ce. Kano ce ta fi kusa da ita, gaskiya, amma gwajin tsarin ƙasa ba a birnin da kamfanoni suke ake yin sa ba, domin a can aƙalla akwai ma'aikatan da suka san abin da ke cikin buhun. Gwajin yana garuruwa irin Jalingo. Babban titin da ya taso daga Wukari ya ratsa Jalingo ya nufi Numan da Yola shi ne jijiyar da ke haɗa kudu maso gabas da arewa maso gabas, manyan motoci suna bin sa dare da rana da kaya iri-iri a ƙarƙashin tamfol. Garin kansa yana zaune a kan Kogin Lamurde da Mayo Gwoi, waɗanda ambaliyarsu ba baƙuwa ba ce ga mazauna, ruwansu kuma Binuwai yake nufa. Lokacin da ambaliya ta karya gadar Namnai a Ƙaramar Hukumar Gassol cikin Agustan 2024, an koma tsallakar da motoci da jama'a ta ruwa. A ƙaddara mota mai irin wannan kaya ta kife a gangaren kogi da damina. Jami'in da zai fara isa, ko na hukumar jiha ko na tarayya, da me zai gane abin da ke gabansa? Su kuma likitocin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, wa zai gaya musu gubar da majinyatan suka shaƙa kafin a shigo da su da tufafinsu?

Ko da motar ba ta taɓa kifewa ba, iskar nan tana Jalingo kamar yadda take kowane gari: a ramin masai, a rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba, a ramin da mahauta ke zubar da jini da tumbi. Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano ta sha ba da rahoton mutanen da suka mutu a irin waɗannan ramuka, wani ya shiga ceton wani. Saboda haka kayan da za a saya domin haɗarin sinadari ba za su zauna a sito suna jiran ranar da ba ta zuwa ba.

Bayanin da ɗan kwana-kwana ke buƙata kuwa yana nan, a warwatse yake a ofisoshin Abuja. NAFDAC ce ke ba da izinin shigo da sinadaran masana'antu, kwastam ke sakin su a tashar ruwa. NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun fata a 2009 da na sinadarai masu haɗari a 2014. Hukumar Kiyaye Haɗurra ce ke tsaye a kan titi. Cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke Samaru, Zariya, ta san wannan sinadari ciki da waje. Ita kuwa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, tana aiki ne da dokar 1963 da aka daɗe ana maganar sauyawa, yayin da kowace jiha ke riƙe da tata hukumar gwargwadon aljihunta. Kowa yana da nasa fayil. Wanda zai shaƙi iskar shi ne ya fi kowa nisa da fayilolin.

Ga hadiman da ke rubuta wa iyayen gidansu tambayoyin zaman kare kasafi, ƙidaya motoci ya yi kaɗan. Mota tana da kyau a hoton ranar ƙaddamarwa, shi ya sa kowa ke son ta. Na'urar gano iskar guba da ake maƙalawa a ƙirji ba ta kai girman wayar hannu ba sosai, kuɗinta bai kama ƙafar na mota ba, amma tana buƙatar gwaji lokaci-lokaci, kuma abin jin iskar da ke cikinta yana tsufa. Tukunyar iskar shaƙa ba ta da amfani idan babu injin sake cika ta a cikin jihar. A tambayi hukuma nawa ne ke aiki a yau a ofishinta na Jalingo, a ina ake cika su, kuma jami'ai nawa daga Taraba suka yi horon kaya masu haɗari a Makarantar Kashe Gobara ta Ƙasa da ke Sheda. A tambayi Hukumar Kiyaye Haɗurra ko jami'anta suna duba allon lamba a jikin motar da ta ɗauko sinadari, kamar yadda suke duba lasisi da taya. Shafukan littafin jagoran nan da suka shafi lamba 1849 da 1385 kuwa ba su fi huɗu ba. Fassara su zuwa Hausa da Fulatanci a liƙa a kowace motar kwana-kwana da ɗakin amsa kiran 112 aiki ne da darakta ɗaya zai iya sa hannu a kansa cikin mako guda.